Yadda Ake Gano Matsalar Suna da DNS a Gungun Sabobi

Ranar 4 ga Oktoba, 2021, daga la'asar har cikin dare, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke na kusan awa shida. Kwamfutocin kamfanin suna nan a kunne, bayanan mutane ba su ɓace ba. Wani kuskure wajen gyaran layukansu ya sa sabobin DNS nasu suka yanke daga intanet, sai duk wayar da ta nemi facebook.com ta rasa mai faɗa mata adireshinsa. Har kayan aikin da injiniyoyin kamfanin za su yi gyara da su sun tsaya, domin su ma da suna suke nemo juna.

Irin wannan matsala tana faruwa a ɗaki ɗaya mai kwamfuta uku, kuma a can ta fi wuyar ganewa. Wannan darasi zai bi ta mataki-mataki, da misalin irin cibiyoyin kwamfuta da ake samu a garuruwa kamar Kankiya da Kusada a jihar Katsina. Tun da hukumar JAMB ta koma yin jarrabawarta da kwamfuta gaba ɗaya a 2015, makarantu da cibiyoyi suke ta girka sabobinsu na cikin gida don gwajin ɗalibai da ajiye sakamako.

Mene ne gungu, kuma me ya haɗa shi da suna?

Saba, wadda wasu ke kira uwar garke, ita ce kwamfutar da ke yi wa sauran hidima. Idan aka haɗa sabobi biyu ko fiye suna aiki ɗaya, ta yadda in ɗaya ta faɗi sauran za su ci gaba, shi ne gungu, ko kilasta a bakin masu sana'ar. Membobin gungu kullum suna magana da juna, kuma a yawancin saiti da suna suke kiran juna. Amma layin sadarwa bai san suna ba, lambar adireshin IP kawai ya sani. Don haka kafin kowace magana sai an fassara suna zuwa lamba.

A farkon intanet, fayil ɗaya ne mai suna HOSTS.TXT yake ɗauke da sunayen duk kwamfutocin, ana kula da shi a cibiyar SRI da ke Kaliforniya a Amurka, kowa ya kwafa. Da kwamfutoci suka yi yawa, Paul Mockapetris ya tsara DNS a 1983. Tsohon tsarin bai mutu ba. Yana nan a /etc/hosts a Linux, da kuma C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts a Windows. Kenan kowace saba tana da aƙalla wuri biyu da za ta nemi suna, kuma kowacce tana nema ne a karan kanta. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe a duk darasin shi ne wannan: a gungu mai saba uku, suna ɗaya yana iya samun amsa uku mabambanta. Gyara yana farawa ne daga yi wa kowace saba tambaya iri ɗaya, sannan a jera amsoshin a kwatanta.

Misalin da za a yi aiki da shi

A ɗauka akwai wata cibiya a Kankiya mai sabobi uku na Ubuntu, suna riƙe da rumbun bayanai na MariaDB a tsarin Galera, inda kowace saba ke da kwafin bayanan gaba ɗaya:

kankiya1 192.168.10.11
kankiya2 192.168.10.12
kankiya3 192.168.10.13

Rauta mai layin waya tana 192.168.10.1, ƙaramar sabar DNS ta cikin gida tana 192.168.10.2, sunan yankin kuma cibiya.internal. Akwai reshe a Kusada mai kwamfuta ɗaya, kusada1, wadda ke karɓar kwafin ajiya kowane dare.

Faifan kankiya2 ya lalace, aka sa sabo, aka sake ɗora Ubuntu cikin gaggawa, aka bar ta ta karɓi adireshi daga rauta. MariaDB ya ƙi shiga gungu, amma ba wanda ya lura, domin kankiya1 da kankiya3 suna ta aiki. Bayan kwana biyu aka ɗauke wuta, batirin kankiya3 bai riƙe ba. Galera yana buƙatar fiye da rabin membobin da ke tare kafin ya yarda a ci gaba. Ɗaya cikin biyu rabi ne cif, bai haura ba, sai kankiya1 ta daina karɓar aiki tana cewa "WSREP has not yet prepared node for application use". Ɗalibai suna zaune gaban allo, kowa yana zargin wuta. Alhali asalin ciwon tun shekaranjiya yake, kuma na suna ne.

Mataki na 1: A raba matsalar layi da ta suna

Daga kankiya2, a gwada lamba, sannan a gwada suna:

ping 192.168.10.11
ping kankiya1

In lambar ma ba ta amsa ba, a koma kan waya da suwic da katangar tsaro, babu ruwan DNS. In lamba ta amsa suna ya ƙi, an kama bakin zaren. A karanta saƙon da kyau. "Name or service not known" yana nufin an tambaya, an ce babu wannan suna. "Temporary failure in name resolution" kuma yana nufin ba a ma samu amsar kirki ba, ko dai sabar DNS ba ta amsawa, ko ba a san inda take ba. Gyaransu daban ne.

Mataki na 2: A yi tambaya tara

A nan mutane da yawa suke ɓata lokaci, saboda suna fara gwaji da nslookup ko dig. Waɗannan biyun kai tsaye suke tambayar DNS, ba sa bin hanyar da manhajoji ke bi. Manhaja irin su MariaDB tana bin jerin da ke cikin /etc/nsswitch.conf, a layin da ya fara da hosts. In an rubuta files dns, za a fara duba /etc/hosts, sai in babu a tafi DNS. Umarnin da ke bin wannan hanya shi ne getent. A buga wannan a kan kowace saba, ɗaya bayan ɗaya:

for n in kankiya1 kankiya2 kankiya3; do echo $n; getent ahosts $n; done

Saba uku, suna uku, amsa tara. A rubuta su a takarda. A misalin cibiyar Kankiya, kankiya1 da kankiya3 za su ce kankiya2 tana 192.168.10.12, wato tsohon adireshinta. Ita kuwa kankiya2 za ta ce sunanta 127.0.1.1 ne, sauran biyun kuma ba ta san su ba. Takardar ta nuna kurakurai uku a lokaci ɗaya, kuma kowanne yana da matakinsa a ƙasa.

Mataki na 3: Saba ta san sunan kanta?

hostname
hostname -f
hostname -I
cat /etc/hosts

Na farko yana ba da gajeren suna, na biyu cikakken suna, na uku adireshin da ke kan katin sadarwa. A /etc/hosts na Debian da Ubuntu sau da yawa za a ga layi irin wannan:

127.0.1.1 kankiya2

Duk adireshin da ya fara da 127 yana nufin kwamfutar da ke tambaya ita kanta. Ga kwamfutar tebur babu laifi. A gungu kuwa tarko ne, domin wasu manhajoji suna fassara sunansu ne don su san adireshin da za su saurara a kai ko su sanar da abokan aikinsu. In saba ta ce a same ta a 127.0.1.1, duk wadda ta bi wannan adireshi ƙofar kanta za ta ƙwanƙwasa. Proxmox, wanda cibiyoyi da dama ke amfani da shi don kyauta ne, ba ya ma tada hidimar pve-cluster in sunan saba bai fassaru zuwa adireshi na gaske ba, sai shafinsa na tashar 8006 ya ƙi aiki.

Gyaran shi ne a maye layin da adireshin dindindin, cikakken suna a gaba, gajere a baya:

192.168.10.11 kankiya1.cibiya.internal kankiya1
192.168.10.12 kankiya2.cibiya.internal kankiya2
192.168.10.13 kankiya3.cibiya.internal kankiya3

Waɗannan layuka uku su zama iri ɗaya a duk sabobin, harafi da harafi. Layin 127.0.0.1 localhost kuma a bar shi yadda yake. In bayan sake kunnawa fayil ɗin ya koma yadda yake da, a duba cloud-init, saitinsa na manage_etc_hosts ne yake sake rubuta shi.

A yi hattara da canza sunan sabar da ta riga ta shiga gungu. RabbitMQ, alal misali, yana sa wa kowane memba suna irin rabbit@kankiya2, kuma da wannan suna yake ajiye bayanansa. In aka canza sunan kwamfuta, zai tashi kamar sabo, layukan saƙo duk babu, alhali suna nan a tsohuwar jaka.

Mataki na 4: Wa saba take tambaya?

A Ubuntu na zamani, /etc/resolv.conf yakan nuna 127.0.0.53 kawai. Wannan ɗan aike ne na cikin kwamfutar, wato systemd-resolved. Don ganin ainihin sabar DNS:

resolvectl status

A kankiya2 za a ga 192.168.10.1, wato rauta. Rautar MTN ko Airtel ta san hanyar google.com, amma ba ta taɓa jin cibiya.internal ba, don haka amsarta babu. A tabbatar da haka ta tambayar kowacce kai tsaye:

dig @192.168.10.1 kankiya1.cibiya.internal
dig @192.168.10.2 kankiya1.cibiya.internal

A dubi kalmar da ke gaban status. NOERROR tare da adireshi yana nufin lafiya. NXDOMAIN yana nufin wannan saba ta ce babu sunan. SERVFAIL yana nufin ta yi ƙoƙari ta kasa. REFUSED yana nufin ta ƙi amsa wa mai tambaya, galibi don ba ya cikin jerin waɗanda aka ba izini. In kuma lokaci ya ƙare babu amsa, ko sabar a kashe take, ko katangar tsaro ta toshe tasha 53. A buɗe tashar ga UDP da TCP duka, domin amsa mai girma ta TCP take komawa.

Akwai kuskuren da kusan kowa ya taɓa yi: a rubuta DNS na cikin gida, sannan a ƙara 8.8.8.8 na Google a ƙarƙashinsa wai don ko-ta-kwana. Jerin sabobin DNS ba haka yake aiki ba. Ana komawa ta biyu ne in ta farko ta yi shiru. In wadda aka tambaya ta ce babu, an gama, ba a sake tambayar wata. Shi kuma systemd-resolved yana ɗaukar duk waɗanda ke jeri ɗaya a matsayin daidai suke, kuma in ya koma ta biyu yana nan manne da ita. Kenan in DNS na cikin gida ya yi jinkirin tashi sau ɗaya bayan ɗauke wuta, saba za ta koma Google ta zauna, intanet yana aiki lafiya lau, sunayen gungu duk sun ɓace. Wannan shi ne ciwon da ake cewa yau yana nan gobe babu. Maganinsa shi ne jerin ya ƙunshi sabobin cikin gida kaɗai, su kuma su miƙa tambayoyin waje zuwa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1.

Mataki na 5: A ƙulle adireshi

Bai kamata memban gungu ya dogara da rauta ta ba shi adireshi ba. A yankin da KEDCO ke ba wuta, sauyawa tsakanin layin gwamnati da janareta da sola abu ne na kullum, kuma ƙananan rautoci da yawa suna mance wa suka ba wane adireshi in suka mutu suka tashi. A Ubuntu ana saita adireshin dindindin a fayil ɗin da ke /etc/netplan:

network:
  version: 2
  ethernets:
    eno1:
      addresses: [192.168.10.12/24]
      routes:
        - to: default
          via: 192.168.10.1
      nameservers:
        addresses: [192.168.10.2, 192.168.10.3]
        search: [cibiya.internal]

Sunan kati, eno1, ya danganta da kwamfuta, a duba shi da ip a. A gwada da sudo netplan try, wanda zai mayar da tsohon saiti da kansa bayan daƙiƙa 120 in ba a tabbatar ba. Wannan yana ceton wanda ke gyara daga nesa. Sannan a shiga rauta a taƙaita lambobin da take rabawa, misali daga 100 zuwa 200, don kada ta ba wayar wani baƙo adireshin saba. Layin search shi ne ke sa gajeren suna kankiya1 ya cika ya zama kankiya1.cibiya.internal. In saba ɗaya tana da shi ɗaya babu, gajeren suna zai yi aiki a nan ya ƙi a can.

Mataki na 6: Tsohuwar amsa

Wani lokaci an gyara komai amma matsala tana nan, saboda an ajiye tsohuwar amsa. Kowace amsar DNS tana zuwa da wa'adin daƙiƙoƙi, TTL, kuma har amsar babu ana ajiye ta na ɗan lokaci. A share:

sudo resolvectl flush-caches
ipconfig /flushdns

Na farko na Linux ne, na biyu na Windows. Wasu manhajojin kuma suna da tasu ma'ajiyar. Nginx yana fassara sunayen sabobin da yake tura wa aiki lokacin da ya tashi, ya riƙe su har sai an sake loda shi. Manhajojin Java suna da nasu wa'adin. Don haka bayan gyaran suna a sake tada hidimar, memba ɗaya bayan ɗaya. Kada a tada su duka lokaci guda, rinjaye zai ɓace.

Mataki na 7: Daga lamba zuwa suna

Akwai tambayar da ake yi ta baya, wato a ba da lamba a nemi suna:

dig -x 192.168.10.12

MariaDB da MySQL suna yin wannan ga wanda ya zo haɗuwa da su. In babu mai amsa a cikin gida, tambayar za ta fita ta rauta, in data ta ƙare ko sabis ya yi rauni, a zauna jira. A tsarin Linux na asali jiran kowane gwaji daƙiƙa biyar ne, kuma ana gwadawa sau biyu. Alamar ita ce shafi yana buɗewa, amma sai ya yi tsaye na daƙiƙa biyar ko goma tukuna, kuma abin yana tsananta ne daidai lokacin da intanet ya yanke, ga manhajar da ba ta buƙatar intanet. Ana magance shi ta sa sunaye a DNS na cikin gida. Manhajar dnsmasq tana karanta /etc/hosts na kwamfutar da take kai ta amsa tambayar gaba da ta baya. Ko kuma a sa skip-name-resolve a saitin MariaDB, amma a sani duk izinin da aka bayar da sunan kwamfuta zai daina aiki sai an mayar da shi lamba.

Reshen Kusada

Kusada1 tana haɗuwa da Kankiya ta rufaffen layi irin WireGuard. Abu biyu ke yawan faruwa. Na farko, layin ya haɗu, lamba tana amsawa, suna ba ya yi, domin kusada1 tana tambayar tata rautar. A ƙara layin DNS a saitin wg-quick, da adireshin 192.168.10.2 da sunan yankin. Na biyu ya fi ruɗarwa. In an bar rautocin wuraren biyu a kan lambobin da suka zo da su daga kamfani, sai su zama jeri ɗaya. Suna zai fassaru daidai, amma kusada1 za ta nemi lambar a ɗakinta, wataƙila ta faɗa kan firinta. Shi ya sa a misalin nan Kankiya take 192.168.10, Kusada kuma ya kamata ta zama 192.168.20.

Kada kuma a mayar da kusada1 cikakkiyar membar gungu ta layin waya. Corosync, wanda Proxmox ke amfani da shi, yana son layi mai saurin amsa ƙwarai, kuma a Galera duk rubutu yana jiran memba mafi nisa. Karɓar kwafin ajiya ya ishe ta.

Masu Windows Server

A gungun Windows akwai suna na gungun kansa, wanda ke bin sabar da ke riƙe da aiki. In an ga lambar aukuwa 1196 a Event Viewer, gungun ya kasa rajistar wannan suna a DNS. Galibi ko an sa DNS na waje a katin sadarwa, ko an rubuta sunan da hannu a DNS ba a ba gungun izinin sabunta shi ba. A gwada da Resolve-DnsName a PowerShell daga kowace saba. In sabobin suna jeren lambobi daban-daban, a tuna wa'adin HostRecordTTL na asali daƙiƙa 1200 ne, wato minti 20, kuma kwamfutocin ma'aikata za su iya kai wannan lokaci suna neman tsohuwar saba.

Rigakafi

Kada a sa wa yankin cikin gida .local. An keɓe shi ga tsarin mDNS tun 2013, kuma kwamfutocin Linux da na Apple da yawa ba sa kai tambayarsa ga DNS na gida. A yi amfani da .internal, wanda ICANN ta keɓe don wannan aiki a 2024, ko wani reshe na sunan .ng da cibiyar ta mallaka ta hannun masu rajistar NiRA.

Kada sabar DNS ta zauna a cikin gungun da yake buƙatarta kafin ya tashi. Bayan ɗaukewar wuta, gungu zai jira DNS, DNS ya jira gungu. Tsohuwar laftof mai batirin kirki da dnsmasq a kai ta isa wannan aiki, kuma ba ta mutuwa a tsakanin ɗauke wuta da tada janareta. A samu ta biyu a 192.168.10.3. Duk da haka, sunayen membobin gungu su kasance a /etc/hosts na kowacce, don su gane juna ko DNS bai tashi ba. A dai tuna duk ranar da adireshi ya canza, wuri huɗu ko biyar za a gyara, don haka a ajiye kwafi ɗaya na asali ana rarrabawa daga shi.

A ƙarshe, bayan duk wani gyara ko sake ɗora manhaja, a maimaita tambaya tara ta mataki na 2, sannan a shiga MariaDB a buga:

SHOW STATUS LIKE 'wsrep_cluster_size';

In amsar 3 ce, gungu ya cika. In 2 ce, a tsaya a nemo ta ukun a ranar, tun kafin a sake ɗauke wuta.